Ƙanƙarar da muka so jawowa Jidda tana tahowa da kanta

A watan Janairun 2024 wani jirgin nutso marar matuƙi mai suna Ran ya kutsa ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika, can ƙurewar duniya ta kudu, don auno yadda take narkewa daga ƙasa, bai sake fitowa ba. Mallakar Jami'ar Gothenburg ne ta ƙasar Suwidin, tsawonsa mita 7, kuɗinsa krona miliyan 38, wato dala miliyan 3 da ɗoriya. Masu shi suna cikin Araon, jirgin fasa ƙanƙara na Koriya ta Kudu, suna dakonsa a wurin da aka tsara zai ɓullo. Suka kasa kunne da na'urorin sauraro, suka tashi jirgi mai saukar ungulu, suka yi ta kewaya bakin ƙanƙarar, ko ɗuriyarsa ba su ji ba.

Ni na karanta wa kawuna labarin a waya, bayan sallar isha'i, muna zaune kan tabarma a ƙofar gidanmu a kudancin Jidda ana zuba shayi. Ya saurara har na kai aya. Sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗan nan, danginmu na Sudan da yaƙi ya kora daga Wad Madani suna can suna kwana a azuzuwan makaranta a Sinnar, ba su da abin sa wa a tukunya, wasu kuma sun kwashi wannan uban kuɗi sun cusa ƙarƙashin ƙanƙara? Abin da Allah ya rufe, me ya kai su leƙa shi?"

Ban ce masa komai ba a daren. Maganar danginmu ta daki zuciyata, kuma ba a yi mana tarbiyyar katse babba ba. Amma tun daga ranar abin yake cina, har na kai ga matsayar da nake so in faɗa a fili: kuɗin nan bai tafi a banza ba, kuma mu da muke zaune a bakin Bahar Maliya, muke shan ruwan da aka tace daga cikinta, mun fi mutumin Suwidin buƙatar abin da jirgin ya je nema.

Sana'ata gyaran famfo da injinan ruwa. Wanda ya san gidajen Jidda ya san kusan kowanne yana da tankin sumunti a ƙarƙashin ƙasa, inda ruwan famfo yake taruwa, ko kuma na tankar da a nan muke kira wayit. Sau da yawa mai gida zai kira ni ya ce ruwansa yana ƙarewa da wuri, ko ya fara jin ɗanɗanon gishiri a shayi. In ka ɗaga murfi ka leƙa daga sama, babu abin da za ka gani sai fuskarka. Dole a zuƙe ruwan, in ɗaura tocila a goshi, in sauka ta tsani cikin duhu da wari, in bi bangon da tafin hannu. Shimfiɗaɗɗen bango ba kasafai yake da laifi ba. Ɓarnar tana cikin tsaga, wata ma siririya ce kamar zaren ɗinki, a kusurwar da bango ya haɗu da daɓe. Ta nan ruwan gida yake zurarewa, ta nan ruwan ƙasa mai gishiri yake shigowa, yana cin rodin da ke ciki har ya kumbura ya fasa sumuntin. Shekara da shekaru ina wannan aiki, ban taɓa gano ciwon tanki ina tsaye a bakinsa ba.

Shi ya sa da na fahimci abin da masanan nan suke yi, ban ga baƙon abu a ciki ba.

Antaktika ƙasa ce sosai, da duwatsu da kwaruruka, sai dai ƙanƙara ta binne ta, a wasu wuraren kaurinta ya haura kilomita 4. Wannan ƙanƙara ba a tsaye take ba. Tana gangarowa a hankali zuwa teku kamar kogi mai nauyin jiki, in ta iso gaɓa sai ta zarce kan ruwa tana yawo alhali gindinta yana manne da tudu, ta zama kamar rumfa a kan teku. Wasu rumfunan ƙanana ne, wata kuwa, wadda ake kira Ross, ta kusa girman ƙasar Faransa. Ita rumfar ko ta narke ba ita ce za ta cika teku ba, kamar yadda ƙanƙarar da ka jefa a kofi ba ta sa shi ambaliya in ta narke. Aikinta shi ne tokarewa. Kamar itacen da ake tokare tsohuwar katanga da shi, ita take riƙe da nauyin ƙanƙarar tudu da ke bayanta. An ga abin da yake faruwa in tokarin ya karye: a shekarar 2002 rumfar Larsen B, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 3,000, ta wargaje cikin 'yan makonni, kogunan ƙanƙarar da take tokare da su suka ninka saurinsu zuwa teku. Wannan ta tudun ita ce sabon ruwan da yake ƙaruwa a kan tekunan duniya.

Abin da yake cin rumfunan nan kuwa, musamman a yammacin nahiyar, daga ƙasa yake zuwa. Akwai wani ruwa mai gishiri da yake kewaya Antaktika a can cikin zurfi. In da za ka tsoma hannu a ciki sai ka ce ya fi na firji sanyi, amma ya ɗara ma'aunin daskarewa da 'yan digiri kaɗan, kuma wannan ɗan bambancin ya isa. Yana bin kwaruruka na ƙarƙashin teku ya shige ƙarƙashin rumfar har ya isa inda ƙanƙara take rabuwa da ƙasa, yana lasar ta dare da rana. Tauraron ɗan'adam yana ganin saman ƙanƙara, yana auna yadda take raguwa, amma shi ma a bakin tanki yake tsaye. Jirgin ruwa ba ya shiga wurin. Mutum ba ya iya nutso a ƙarƙashin rufin ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mita. Sai na'ura.

Ita ma na'urar a kan siraɗi take tafiya. Da zarar ta shige, babu GPS, babu rediyo, babu mai ce mata ta yi dama ko hagu. Tun kafin a sake ta ake rubuta mata hanyar da za ta bi, ita kuma ta riƙa lissafin saurinta da alƙiblarta tana jefa sauti tana sauraron dawowarsa don ta san inda rufi yake da inda ƙasa take. Na'urar da ke aiki a buɗaɗɗen teku, in ta samu matsala, tasowa take yi sama a zo a ɗauke ta. Wannan in ta taso da ƙanƙara za ta yi karo. Turawan Ingila sun rasa tasu, Autosub 2, a ƙarƙashin rumfar Fimbul tun 2005. Ba su fasa ba, suka ƙera wata suka tura ƙarƙashin kogin ƙanƙara na Pine Island a 2009, ta dawo musu da labarin wani tudu a ƙasan teku wanda ƙanƙarar ta taɓa dogara a kansa, yanzu ta sake shi, ruwan ɗumi yana bi ta samansa yana shiga ciki.

Shi kansa Ran, kafin ya ɓata ya riga ya biya kuɗinsa. A 2019 shi ne ya fara shiga ƙarƙashin Thwaites, wani ƙaton kogin ƙanƙara a yammacin nahiyar, ya auno hanyoyin da ruwan ɗumin yake bi. A 2022 ya yi kwana 27 yana safa da marwa a ƙarƙashin rumfar Dotson, ya ci tafiyar sama da kilomita 1,000, ya kutsa har kilomita 17 cikin kogon, yana zana taswirar rufin da ke samansa. Masanan sun zaci za su ga rufi sumul. Sai suka ga tuddai da kwaruruka da matakala, da wasu siffofi masu kama da tulin rairayin hamada, amma a kife. Wannan ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya bi hanyar Madina ko ta Riyad ya san yadda iska take sassaƙa yashi, ya san kuma cewa in ka iya karanta tulin rairayi za ka faɗi inda iskar take fitowa. Haka su ma suke karanta rufin nan su gane inda ruwa yake gudu da ƙarfi da inda yake ci a hankali. Komawar da suka yi a 2024 don su sake auna wurin ne su ga me ya canza a shekara 2. Nutso ɗaya suka samu maimaitawa kafin jirgin ya ɓace.

Wadda ta fi kusa da sana'ata ita ce Icefin, siririyar na'ura mai siffar bututu, tsawonta ya ɗan haura mita 3, wadda ayarin Britney Schmidt ta Amurka suka ƙera. Ita ba ta bakin rumfar ake tura ta ba. A ƙarshen 2019 da farkon 2020 ma'aikatan hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya suka kafa tanti a kan Thwaites, suka huda rijiya mai zurfin kusan mita 600 da ruwan zafi, aka zura na'urar da igiya ta cikin ramin kafin ya sake daskarewa. Ta yi iyo har wurin da ƙanƙara take barin ƙasa, wurin da ya ja baya da kilomita 14 tun ƙarshen shekarun 1990, tana aiko da hoto. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a watan Fabrairun 2023. A wuraren da ƙasan ƙanƙarar yake shimfiɗe, narkewar ba ta kai yadda aka ƙiyasta ba, mita 2 zuwa 5 ce a shekara, domin ruwan da ya narke yana kwanciya a jikinta ya zame mata kamar bargo. Amma a cikin tsagogi da gefen matakala, nan ruwan ɗumi yake shiga yana faɗaɗa rauni. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar. Abin da tafin hannuna ya sani ne a cikin tankunan Jidda.

Thwaites ya kusa girman Birtaniya. A yanzu ma kusan kashi 4 cikin 100 na tashin da tekunan duniya suke yi daga gare shi yake. In ya zube duka, teku zai tashi da santimita 65, wato ya wuce gwiwar babban mutum, in kuma ƙanƙarar yammacin nahiyar da yake tokare da ita ta biyo shi, ana maganar mita 3. Ba gobe ba ne, ba kuma baɗi ba. Amma tsakanin a ce zai ɗauki shekaru ɗari da a ce zai ɗauki ɗari biyar akwai rayuwar birane, kuma amsar wannan tambayar tana can cikin duhun da na'urorin nan suke shiga.

To ina ruwan Jidda? Teku ɗaya ne. Bahar Maliya a buɗe take ta mashigin Babul Mandab, abin da aka ƙara a kudu sai ya iso mana, kamar yadda zai isa Legas da Iskandariyya da Fot Sudan. Daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya riga ya tashi da kusan santimita 20, kuma saurinsa ƙaruwa yake yi. Jidda gari ne kwance a kan gaɓa, ruwan ƙasa a kusa yake ƙwarai, a wasu unguwanninmu in ka haƙa kamu biyu za ka tarar da shi. Bangon ɗakin mahaifiyata yana da farin layi na gishiri da yake hawa daga daɓe, fenti yana kumbura yana zubowa kamar garin alli, mun sha kankarewa mu sake shafe. Na san yawancin wannan ruwan daga yoyon bututu da masai yake, ba daga Antaktika ba, ni da nake aikin ba zan ɗora wa ƙanƙara laifin da ba nata ba. Amma duk ruwan da ke ƙarƙashin garin nan teku yake nema ya fita, kuma in teku ya ɗaga, mafitarsa ta ƙuntata.

Haka maganar ambaliya. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, alhazai suna shirin fita Mina, ruwan sama ya sauko daga duwatsun gabas ya ratsa garin nan, mutum sama da 120 suka rasu. Na yi makonni ina jan injin zuƙe ruwa daga gida zuwa gida, ina fitar da laka daga tankunan da mutane suke sha, hannuwana har suka tsattsage. A Nuwamban 2022 kuma aka zuba milimita 179 cikin awa 6 a kudancin gari. Wannan ruwan sama ne. An kashe kuɗi masu yawa an gina madatsai da manyan magudanai tun bayan 2009, kuma mun ga amfaninsu. Sai dai kowane magudani a teku yake ƙarewa, kuma injiniyan da zai yanke tsayin bakinsa yana buƙatar a gaya masa inda teku zai kasance nan da shekara 50 ko 80. Matatar Shu'aiba da take shayar da Jidda da Makka da Ɗa'if a bakin gaɓa take. Tashar jiragen ruwa da shinkafarmu take shigowa ta cikinta haka. Ruwan da alhaji yake alwala da shi a masaukinsa a Makka, daga wannan gaɓa aka turo shi. Tun ran gini ake zane, kuma mai zanen nan lambar da yake jira na'ura ce za ta kawo masa ita.

Akwai wani tarihi da yaranmu da yawa ba su sani ba. A 1977 Yarima Muhammad al-Faisal, ɗan Sarki Faisal, wanda ya shugabanci hukumar tace ruwan teku ta ƙasar nan, ya ɗauki nauyin wani babban taro a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka kan yadda za a jawo tsibirin ƙanƙara daga Antaktika zuwa ƙasashen da ke fama da ƙishirwa. Har gutsuren ƙanƙara aka ɗauko ta jirgin sama daga Alaska aka kawo wurin taron. Shi da wani injiniya Bafaranshe, Georges Mougin, sun yi niyyar a naɗe tsibirin a jawo shi da jirage har gaɓar nan. Abin bai yiwu ba, nisa da zafi da tsada suka hana. Ni ban ga abin dariya a wannan buri ba. Garin da tun farkon ƙarnin da ya wuce yake dafa ruwan teku a injin Kindasa don ya samu na sha ya san darajar ɗigon ruwa, kuma mutumin ya gane tun a lokacin cewa akwai igiya tsakanin Jidda da wancan farin tudu. Igiyar tana nan. Ƙanƙarar ce yanzu take tahowa ba tare da an ja ta ba, kuma a gauraye da gishiri za ta iso.

A 2024 Saudiyya ta shiga Yarjejeniyar Antaktika, wadda ƙasashe 12 suka fara sa wa hannu a 1959 cewa nahiyar ta zaman lafiya ce da bincike, daga baya kuma a 1991 aka haramta haƙar ma'adinai a cikinta. Na yi murna da wannan mataki. Amma dokar yarjejeniyar ita ce, ƙasa ba ta samun ƙuri'a a wurin yanke shawara sai ta nuna tana gudanar da bincike na gaske a can. A duk faɗin Afirka ma Afirka ta Kudu ce kaɗai take ciki. To ga ƙofa a buɗe. Abin da nake so in gani shi ne ƙasar nan ta sa kuɗinta a na'urorin nutso, ta saya, ta ƙera, ta yarda wasu za su ɓata. Ba daga sifili za a fara ba. Jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, tun buɗe ta a 2009 take binciken Bahar Maliya, tekun da a tsakiyarsa, tsakaninmu da Sudan, akwai ramuka masu zurfin kusan mita 2,000 da ruwan gishiri mai zafi yake kwance a ciki. Wanda ya koyi tura na'ura can ya yi rabin karatun. Farashin Ran kuwa bai kai abin da ake biyan wani ɗan ƙwallo guda a gasar ƙasar nan a wata ɗaya ba. Sannan akwai maganar haƙƙi, wadda ba na so in tsallake: abincinmu duka, ɗan ƙasa da baƙo, daga man fetur yake fitowa, kuma hayaƙin man da duniya take ƙonawa yana cikin abin da ya ɗumama ta. Ƙasar ta yi alkawari a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Wanda ya ci riba a kasuwa, ya dace a gan shi wurin auna ɓarnar da ta biyo baya.

In an buɗe wannan ƙofa kuma, ina roƙon a tuna da yaranmu. A unguwannin Karantina da Gulail da Shara Mansur akwai samarin Hausawa da hannunsu yake jin inji kamar yadda likita yake jin jijiya, suna gyaran na'urar sanyaya ɗaki da injin kwalekwale da waya, da yawansu matsalar takarda ce ta tsayar da karatunsu. Kakanninsu sun yi shekaru a ƙafa daga Kano da Sakkwato da Barno, suka tsallako tekun nan daga Sawakin ta Sudan a cikin jiragen katako. Ba jinin da yake tsoron nisa ba ne.

Saura maganar kawu, wadda ita ce mafi nauyi. Yunwar danginmu a Sudan gaskiya ce, kuma yau take, ba nan da shekara 50 ba. Duk wanda yake da riyal ɗaya da zai iya turawa, ya tura. Amma ba jirgin Ran ne ya hana su abinci ba. Yaƙi ne, tun Afrilun 2023, kuma abin da ake ƙonawa na harsashi a cikinsa ya ninka kuɗin na'urar nan sau ba adadi. Da Suwidin ta fasa sayen jirgin, ko buhun dawa ɗaya ba zai ƙaru a Sinnar ba. Fot Sudan ɗin da mutane suka tsere zuwa gare ta, inda jirage suka riƙa kwaso su zuwa Jidda a farkon yaƙin, ita ma a bakin ruwan nan take, kuma talakan da ba shi da kuɗin ƙaura shi ne teku zai fara samu a gida. Batun abin da Allah ya rufe kuwa, na daɗe ina juya shi. An umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, an kuma ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Man fetur ɗin da ke ƙarƙashin garin Zahran na ƙasar nan ma a rufe yake kafin 1938.

Daga baya na samu kawu shi kaɗai da hantsi, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ka tuna ranar da na shiga tankinmu na gano tsagar nan?" Ya ce ya tuna. Na ce to aikin mutanen nan ke nan, sai dai tankinsu ya fi girma, kuma mu duka muke sha daga ciki. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To Allah ya sa su gano." Bai ce ya yarda da ni ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba.

A makon jiya muka sake kiran magini don bangon ɗakin mahaifiyata. Ya kankare fentin har ya kai ga bulo, ya murza farin garin tsakanin yatsunsa, ya ɗanɗana, ya tofar. Sannan ya ɗago ya tambaye ni har ina zai kai sumuntin da ke hana ruwa. Na duba tsohon layin gishirin, na ɗora tafin hannuna sau biyu a samansa, na ce ya kai nan. Ya ce me ya sa nan. Na ce masa ƙiyasi ne kawai, ya ja layi da fensir ya fara kwaɓa.